Hunturu guda da murhun kwal a gidan da iska ke ratsawa

Gidan da nake zaune a ciki tsoho ne, kuma a tsakiyar hunturu iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ta gefen tagogi, ta tsagogin da ke tsakanin katakan daɓe, har ta rufi. Na yi shekara biyu ina fama da na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki, wadda ɗuminta ba ya wuce taku uku daga inda take, kuma da zarar an kashe ta sai ɗakin ya koma kamar ba a taɓa kunna komai ba. Shi ya sa bana na sa aka girka mini murhun kwal na baƙin ƙarfe mai kauri, irin wanda ake zuba wa kwal da hannu. Yanzu da sanyi ya ja baya, ina ganin na zauna da shi isasshen lokacin da zan faɗi abin da na gani.

Kwal ɗin da nake nufi ba gawayin itace ba ne, ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, kuma ba dukansa ne iri ɗaya ba. Wanda nake amfani da shi shi ne antirasait, mafi tauri a cikinsu, wanda sinadarin kabon da ke cikinsa ya kai kashi 86 cikin ɗari zuwa sama. Yana ci da ɗan gajeren harshe shuɗi, kusan babu hayaƙi, saɓanin kwal mai laushi wanda ke turnuƙewa, irin wanda ya taimaka wajen haddasa baƙin hazon da ya kashe dubban mutane a Landan a watan Disamba na 1952. Kilo guda na antirasait yana ba da zafin da ya kusa ninka na kilo guda na busasshen itace, kuma wannan bambanci ana jin sa a jiki, ba a takarda kaɗai ba.

Kunna shi ne ya fara koya mini haƙuri. Antirasait ba ya kamawa da ashana ko takarda. Sai an fara hura wutar itace, an bar ta ta zama garwashi mai kyau, sannan a riƙa zuba kwal kaɗan-kaɗan, ana jira kowane zubi ya kama kafin a ƙara wani, har ramin wutar ya cika. A makon farko wuta ta mutu mini sau uku, domin na ɗauka ana tona ta kamar ta itace, alhali kwal ba ya son a dame shi. Iskarsa daga ƙasa take zuwa, ta cikin ragar ƙarfen da yake zaune a kai, saboda haka idan toka ta toshe ragar, wutar za ta shaƙe komai yawan kwal ɗin da ke sama. Da na gane cewa aikin duka shi ne girgiza ragar safe da yamma har sai an ga hasken garwashi a kwanon toka, sannan a cika ramin sosai maimakon rabi, sai murhun ya zama wani abu daban. Zubi ɗaya yana kai ni awa 12, kuma na yi makonni a jere ban sake kunna wuta ba.

Ɗumin kansa ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Ba ya hawa yana sauka, yana nan daram dare da rana, ƙarfen yana riƙe zafi yana sakinsa a hankali, har bango da kujeru su ɗauka. Tashi da asuba a tarar da falo da ɗumi, ko da wutar lantarki ta ɗauke cikin dare, abu ne da ban taɓa samu a wannan gida ba.

Sai dai akwai abin da ban yi tsammani ba, kuma shi ne ya fi damuna in bayyana wa duk mai gida irin nawa. Bayan an girka murhun, iskar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa sai ta ƙara ƙarfi, ɗakunan da ke nesa da falo suka ƙara sanyi, ƙafafu suna daskarewa alhali fuska tana zufa. Dalilin a fili yake idan aka duba: hayaƙi mai zafi yana tashi ta bututu ya fita waje, kuma duk iskar da ta fita dole wata ta maye gurbinta, wadda ba ta da hanyar shigowa sai ta waɗannan tsagogi. Wato murhun da kansa yake janyo sanyi cikin gida. Na ɗauki kwana biyu ina bin tagogi ina liƙe gefunansu, na sa roba a ƙasan ƙofofi, na cike tsagogin daɓe, na shimfiɗa abin tare zafi a cikin rufi, kuma tun daga nan kwal ɗin da nake zubawa ya ragu a fili. Da zan sake daga farko, da wannan aiki zan fara kafin in sayi murhu, domin wataƙila ma da ƙarami ya ishe ni.

Amma toshewar tana da iyaka, kuma a nan ba na wasa. Wuta tana buƙatar iska, kuma idan aka rufe gida ruf, jan bututun zai yi rauni, iskar kabon monoksaid ta dawo cikin ɗaki. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau fiye da 200, kuma tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ko ta ɗauke shi cikin barci. Saboda antirasait ba ya hayaƙin da ido zai gani, babu abin da zai ankarar da kai. Na bar wa murhun kafa guda ta musamman da iskar waje ke shigowa kusa da shi, na kuma sa na'urar gargaɗi biyu, ɗaya a falo, ɗaya kusa da ɗakin kwana. Ta falon ta yi kuka sau ɗaya, a wata rana da sanyi ya sassauta na rage wa wutar iska fiye da kima, bututun ya huce ya daina ja. Ban ji komai a jikina ba a lokacin, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Toka ita ce wahalar yau da kullum. Tana da yawa fiye da ta itace, tana da laushi kamar gari, kuma komai kulawarka sai ka tarar da ita a saman tebur. Dole a kwashe ta cikin bokitin ƙarfe mai marfi a fitar da ita waje, domin garwashi yana iya kwana da rai a cikinta. Akwai kuma sulfa a tokar da ke taruwa a bututu, wadda ke cin ƙarfe idan ta haɗu da laima, don haka na sa aka share bututun da zarar an daina hura wuta. Iskar gida tana bushewa, amma tukunyar ruwa a saman murhu ta wadatar.

Ga wanda yake gida safe da yamma, yake da ƙarfin ɗaukar bokitin kwal, kuma dokar inda yake ta yarda da ƙona shi, ina ba da shawarar wannan murhu da zuciya ɗaya. Mai yawan tafiya kuwa zai riƙa dawowa ya tarar da wuta ta mutu, ya sake awa guda yana kunnawa cikin sanyi. Ni dai zan ci gaba da shi baɗi, kuma kafin lokacin ina so in canza tagogi biyu na ɗakin baya, waɗanda har yanzu labulensu ke motsi ko da an rufe su.