Gajeren sifirin ko shokozoba mai zare: wanne ya fi wajen sauke gaban mota?

Gajeren sifirin ba ruwansa da ra'ayinka. Yadda aka ƙera shi haka zai sauke gaban motar ya matso ƙasa, yawanci tsakanin milimita 25 zuwa 40, ba ƙari ba ragi. Ya fi araha. Matsalarsa tana wurin tsohuwar shokozoba: an yi ta ne don dogon sifirin, yanzu kuwa kullum a ɗan matse take aiki, sai ta mutu da wuri, motar ta riƙa tsalle a kan gargada.

Shokozoba mai zare a jiki, wato irin zaren da ake murza noti a kansa, ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma kai ke da iko. Akwai zobe a ƙarƙashin sifirin, da sifana ake murza shi sama ko ƙasa, kowane ɓangare daban. Ka auna daga tsakiyar taya zuwa leɓen mudugadi, a shimfiɗaɗɗen wuri, dama da hagu, sannan ka ɗan zaga da motar ta zauna ka sake aunawa. Masu zumuɗi kan murza har ƙarshe, taya ta fara gogar jiki in an karya kwana. Zaren kuma yana son wanki da maiko, in ba haka ba tsatsa ta cije zoben.

Kowanne ka ɗaura, a gyara saitin tayoyi, don kada su cinye ta ciki. Mai hawan yau da kullum, a ganina, gajeren sifirin da shokozobar da aka yi dominsa sun wadatar da shi.