Sharhi a kan darussan sauti game da Su Shi, mai laƙabin Dongpo

Waɗannan darussa ne na sauti da ake biyan kuɗi a saurara ta waya, kuma na yi rajista ne saboda sashen da ya shafi Su Shi, marubucin waƙoƙi na zamanin daular Song, wanda aka haifa a Meishan cikin lardin Sichuan na ƙasar Sin a shekarar 1037. Da Turanci ake yin bayani, amma ana fara karanta kowace waƙa da Sinanci, ta yadda ko wanda bai iya harshen ba zai ji amonta. Muryar malamin a fili take, kuma ana iya sauke darasi a ajiye, abin da ke rage cin data ƙwarai.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda aka gina tarihin a kan sunayen mutumin. Malamin ya bayyana cewa masu ilimi a tsohuwar Sin suna da sunan yanka, da sunan girmamawa da ake ba namiji idan ya balaga, wanda na Su Shi shi ne Zizhan, sannan da laƙabin da mutum kan zaɓa wa kansa, saɓanin abin da muka saba, inda jama'a ne ke laƙaba wa mutum suna. Daga nan ya nuna cewa wahala ce ta haifi laƙabin Dongpo. Su Shi ya ci babbar jarrabawar shiga aikin gwamnati a 1057 tare da ƙanensa Su Zhe, amma ya yi adawa da sauye-sauyen da babban waziri Wang Anshi ya kawo, kuma a 1079 aka kama shi bisa zargin cewa waƙoƙinsa suna sukar fada. Bayan ya shafe watanni a tsare, aka kore shi zuwa Huangzhou da muƙamin da ba shi da iko, kuma da kuɗi suka ƙare masa, wani abokinsa ya nemo masa wani tsohon filin soja a gabashin garin domin ya noma. Wannan fili shi ne Dongpo, wato gangaren gabas, kuma babban ma'aikacin da ya koma manomi ya ɗauki sunan gonarsa ya mai da shi nasa. A can ne ya rubuta shahararrun ayyukansa a kan Jan Dutse, wani tsauni da ke bakin kogin Yangtze, a 1082, kuma darasin da ya yi bayaninsu shi kaɗai ya cancanci kuɗin da na biya.

Ƙorafina yana kan ƙarshen tarihin. An ɓata lokaci mai tsawo a kan abincin naman alade da ake kira da sunansa, sannan aka bi ta kan aikin yashe Tafkin Yamma da ya yi a Hangzhou a gurguje, alhali hanyar da ya gina ta ratsa tafkin tana nan har yau. Korarsa zuwa Huizhou a 1094 da tsibirin Hainan a 1097, yana ɗan shekara sittin, 'yan mintoci kawai aka ba ta, haka ma rasuwarsa a Changzhou a 1101. Babu kuma rubutaccen jerin sunaye, wanda mai sauraro ke matuƙar buƙata domin Huangzhou da Hangzhou da Huizhou suna rikitarwa a kunne. Ina ba ɗaliban adabi shawarar su saurara, amma su tanadi taswirar Sin kusa da su.