Wasiƙa daga Houston kan batun ɗora wa a-kori-kura sufacaja

Assalamu alaikum, Maigida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da iyali da yaran gareji baki ɗaya, saƙonku ya iso ni, kuma na fahimci tambayar da kuka aiko a madadin Alhajin nan mai Hilux da ke ɗauko doya daga Lafiya, ya bi ta Akwanga ya hau Jos kafin ya gangaro Kano. Kun ce motar tana nishi a Hawan Kibo har sai direba ya koma giya ta ɗaya, kuma ɗansa ya nuna masa bidiyo a waya inda aka ɗora wa wata mota na'ura a kan inji ƙarfinta ya kusa ninkawa, shi ne yake son in saya in aiko ko nawa ne. Na ga ya fi dacewa in ba da amsar a rubuce, domin shekara shida ke nan ina aiki a wani gareji a birnin Houston na jihar Texas, inda a-kori-kura ta fi kowace mota yawa a hannunmu, kuma na sa hannu a ɗora wannan na'ura ba sau ɗaya ba.

Sunanta sufacaja, kuma idan kuna son ku yi wa Alhaji bayaninta a taƙaice, ku ce masa zugazugin maƙeri ce aka ɗaura wa inji. Kun koya mini tun ina riƙe muku sifana cewa inji ba mai kaɗai yake ci ba, da iska yake ci, kuma iskar da fistan ke iya zuƙa da kansa tana da iyaka. Sufacaja tana karɓar juyi daga kiranshaf ta hanyar bel da fuli, ta danna iska cikin silinda fiye da yadda injin zai iya shaƙa, sai a ƙara masa mai daidai gwargwado, wutar ta yi ƙarfi. Kwatancen zugazugi ya zo daidai da tarihin abin ma, domin 'yan'uwan nan biyu masu suna Roots na jihar Indiana, waɗanda suka yi rajistar ƙirarsu a 1860, don hura wutar narka ƙarfe aka fara amfani da na'urarsu, daga baya masu mota suka ɗauka. Bambancinta da tobo da muka saba gani a injin dizal shi ne tobo hayaƙin salansa ke juya shi, don haka sai injin ya ɗauki wuta kafin ya amsa, ita kuwa da an taɓa totur take amsawa, sai dai tana cin wani kaso na ƙarfin injin wajen juya kanta.

Nauyin iska a bakin teku, kamar nan Houston, ya kai 14.7 a ma'aunin da muke auna iskar taya da shi. Yawancin na'urorin da muke ɗorawa suna ƙara 6 zuwa 9 a kan wannan, wanda ke kawo ƙarin ƙarfi na wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A nan ne ƙorafin Alhaji yake da tushe, domin inji yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, Jos kuwa tana wajen mita 1,200 sama da teku, wato kafin motarsa ta gama hawan dutsen ta riga ta yi asarar fiye da kashi 10 cikin ɗari, ga kuma doya a bayanta.

Kasuwar wannan kaya a nan babba ce, kuma a bayyane take. Akwai mai fuka-fukai biyu masu juyawa irin ta Roots, wadda kamfanoni kamar Magnuson da Roush ke sayarwa, akwai mai kama da sukurori biyu irin ta Whipple, sai kuma mai kama da tobo amma bel ke jan ta irin ta ProCharger, wadda ba ta nuna ƙarfinta sai injin ya yi gudu sosai, don haka ba ta cika dacewa da mai ɗaukar kaya ba. Kamfanonin motar da kansu ma suna cikin harkar. Ford tana sayar da nata na F-150 mai inji lita 5.0, wanda ke ɗaga ƙarfinsa, a ma'aunin ƙarfin doki da ake auna inji da shi, daga doki 400 zuwa 700, da garanti na shekara 3 ko mil 36,000 idan makaniki mai takardar shaida ne ya ɗora. Toyota ta daɗe tana sayar da nata ƙarƙashin sunan TRD, mai kai Tundra daga doki 381 zuwa 504, da Tacoma mai lita 4.0 daga 236 zuwa 304, kafin ta daina a wajen 2015. Ram kuwa ta fito da TRX samfurin 2021 da sufacajarta tun daga masana'anta, doki 702.

Abin da bidiyon ɗan Alhaji bai nuna ba shi ne abin da ke cikin kwalin da abin da ke kewaye da shi. Idan kaya ya iso garejinmu, bayan ita na'urar za ku tarar da manyan nozul masu feshin mai da yawa, da fulogi na musamman masu jure zafi, da bel da fuli, da wata ƙaramar lagireto da famfon ruwanta don sanyaya iskar, saboda iska idan aka matse ta zafi take yi, da littafin umarni mai hotuna wanda ya faɗi ƙarfin da za a ɗaure kowane noti da shi. Sai kuma abin da ya fi duka muhimmanci, wato sabon tsarin da za a loda wa ƙwaƙwalwar motar, kwamfutar da ke sarrafa injin, wanda aka rubuta shi don lambar shasin wannan motar. Kuɗin kayan yakan kama daga dala 7,000 zuwa 10,000, aikin ɗorawa yana cin yini ɗaya zuwa biyu, a nan kuma da awa ake biyan makaniki, sama da dala 100 kowace awa. Idan an gama, a kan kai motar kan wata na'ura da ake kira daino, a ɗaure ta da igiyoyi tayoyinta na juyawa a kan ganguna, a ba ta wuta har ƙarshe alhali kwamfuta tana nuna yawan mai da iska da zafi da lokacin tartsatsin fulogi. Ranar da na fara ganin wannan na tuna yadda kuke kara kunne a jikin sukundireba ku gane inda inji ke ciwo, na kuma gane cewa akwai abin da kunne, komai ƙwarewarsa, ba ya riga shi faruwa.

Babbar matsalar da nake hangowa a gida ita ce mai. A yawancin gidajen mai a Houston famfo ɗaya yana da maɓalli uku, 87 da 89 da 93, lambar kuwa tana nuna yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya kama da kansa ba. Kusan duk motar da aka ɗora wa sufacaja dole ta koma shan 91 ko sama, wanda tsadarsa takan kai kusan dala ɗaya a kowane galan fiye da na ƙasa. A gida kuwa fetur iri ɗaya ne a famfo, mai saye ba shi da zaɓi, kuma direban da mai ya yanke masa tsakanin Akwanga da Jos a wajen 'yan bumburutu zai saya a jarka. Ba mu manta da gurɓataccen man da ya shigo Najeriya a farkon shekarar 2022 ba, mai yawan sinadarin metanol, wanda ya kwantar da motoci a Legas da Abuja. Injin da ba a taɓa ba yakan yi tari ya wuce da irin wannan, amma wanda ake dannawa iska, idan man ya kama kafin lokacinsa, bugun da yake yi wa kan fistan kamar guduma ne, kuma ba ya ɗaukar minti da yawa kafin ya yi ɓarna.

Na gani da idona a bazarar bara. Wani mutum da muka ɗora wa na'ura ya je wani wuri aka sauya masa fuli da ƙarami domin iskar ta ƙaru, ba tare da an sake daidaita ƙwaƙwalwar motar ba, sannan ya zuba mai na 87 ya ja tirelar dawakai a tsakiyar watan Agusta, lokacin da zafin Houston ke kaiwa digiri 35 ga gumi. Da aka jawo motar muka buɗe kan injin, fistan biyu sun narke a gefe, ringi ya karye ya karce silinda, garantin kuma ya tashi tun ranar da aka taɓa fulin. Idan haka ta faru a inda akwai mai mai kyau da daino, ku auna Kano a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, ku haɗa da ƙurar hunturu da za ta riƙa toshe matatar iskar injin da yanzu yake shaƙar kusan rabin abin da ya saba a kan na da.

Akwai kuma doka, wadda ita ce ta sa kayan nan suke da tsari. Dokar tsabtar iska ta Amurka ta hana taɓa abin da ke rage hayaƙin mota, don haka kamfanin kirki yakan nemi lambar amincewa daga hukumar kula da iska ta Kalifoniya, a manna ta a ƙarƙashin bonet. A gundumar Harris da Houston ke ciki har yanzu ana gwada hayaƙin mota kowace shekara kafin a sabunta takardunta.

Sai dai duk wannan bai kai muhimmancin abin da zan faɗa yanzu ba, kuma ina roƙon ku karanta wa Alhaji shi da kanku. A jikin ƙofar direba ta kowace a-kori-kura a nan akwai takarda da ta faɗi iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, kuma ko an kai ƙarfin injin doki 700, wannan lamba ba ta motsawa ko da kilo ɗaya, domin sufacaja ba ta ƙara wa birki faɗi, ba ta ƙara wa sifirin ganye, ba ta ƙara wa giyabos da kulochi da aksul ƙwari. Mutanen nan da ke sayenta yawancinsu don sha'awar gudu suke yi, ko don jan kwale-kwale a ƙarshen mako, wanda kuwa kayansa ya yi nauyi sai ya sayi babbar mota mai dizal irin F-250. Hilux an ƙera ta ne don kaya na wajen tan ɗaya, ni kuma na san yadda ake lodin doya har ya wuce kan direba. Motar da ke nishi a Hawan Kibo da irin wannan lodi tana faɗa wa mai ita gaskiya ne, kuma idan aka ba ta ƙarfin haurawa da gudu, da birkin nan nata na da za ta sauko kowace gangara, dukkanmu kuwa mun san rayukan da wannan hawa ya ci.

Ga wani cikas na daban. Ba a sayar da Hilux a Amurka, 'yar'uwarta Tacoma ce a kasuwa tun 1995. Gaskiya ne cewa wasu Tacoma suna da inji iri ɗaya da na Alhaji, mai lita 2.7 da doki wajen 160, kuma akwai ƙananan kamfanoni da ke yi masa sufacaja, amma tsarin da suke lodawa na ƙwaƙwalwar Tacoma ne, ba lallai ya shiga Hilux da aka shigo da ita daga Dubai ko Afirka ta Kudu ba. Ƙarfen ba ya ba ni tsoro, domin na san abin da hannunku da na mutanen Ƙofar Ruwa da Panteka ke iya yi. A nan idan ƙafar inji ba ta zauna ba mayar da ita ake yi a jira wata, alhali ku za ku yanka ku yi walda ta zauna kafin la'asar, kuma sau da yawa abokan aikina suna mamakin yadda nake gyara abin da su jefarwa suke yi, ni kuwa na san a inda na koya. Lissafin mai da wuta ne ba a yin sa da walda, kuma idan bel ɗin na'urar ya tsinke a Saminaka ko famfon ruwanta ya mutu, babu shagon da zai ciro wani daga kanta, alhali mu nan da lambar shasi muke oda da yamma kaya ya iso da safe.

Shawarata ita ce a fara da mayar wa motar ƙarfinta na asali, domin ina kyautata zaton ba dukan dawakan nan 160 ne suka rage mata ba. A auna matsin kowace silinda, a wanke nozul, a duba ƙarfin famfon mai, a sa fulogi na ainihi da sabuwar matatar iska, a leƙa salansa ko ta toshe, a kuma duba ko kulochi yana zamewa. Idan bayan haka Alhaji yana ganin ba ta ishe shi ba, kuɗin sufacaja da na jirgi da na kwastan, idan ya haɗa da abin da zai samu a Hilux ɗin, sun kama hanyar sayen wadda ta zo da dizal da tobo daga masana'anta, ko ma Canter idan doyar ce ta yi yawa.

Cikin kayan da zan aiko ta hannun wani ɗan'uwa mai tahowa bayan Sallah akwai na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota, da ma'aunin matsin silinda, da na ƙarfin famfon mai, da sifana mai auna ɗauri, na garejinku ne duka. Ku sa ɗaya daga cikin yara ya ɗauko mini hoton lambar shasin motar Alhaji da takardar da ke jikin ƙofarta, ya kuma rubuto abin da kowace silinda ta nuna idan kayan sun iso, sai mu duba tare ta waya. A gaida Hajiya da yara. Allah Ya ƙara girma, Ya sa albarka a sana'a.