Auna Duhun Ruwa Ko Ƙirga Tsiro: Wanne Ke Nuna Aikin Dps?

Idan abinci ya ƙare wa ƙwayar bakteriya E. coli, furotin Dps yakan lulluɓe DNA, ya tsare sinadarin ƙarfe don kada ya haɗu da feroksaid (hydrogen peroxide, sinadari mai kashe ƙwayoyi) ya yi ɓarna. Hanya biyu ake gwada ƙwayar da aka cire wa Dps, don a ga ko za ta jure feroksaid.

Auna duhun ruwan da ƙwayoyin ke ciki a OD600 (ma'aunin hasken da ƙwayoyin ke tarewa) aikin minti ɗaya ne, amma na'urar ba ta bambance matacciya da rayayya.

Ƙirga tsiro, wato ɗigon tarin ƙwayoyi da rayayyu ke fitarwa a kan faranti, ya fi wahala, shi ne kuma abin dogaro. A zuba wa ƙwayoyin feroksaid, a tsarma ruwan ninki goma-goma, a shafa mikrolita 100 kan farantin LB (faranti mai abincin ƙwayoyi), ya kwana a digiri 37 na Salsiyos. Faranti mai tsiro 30 zuwa 300 kaɗai ake ƙirgawa. In aka yi jinkirin tsarmawa, feroksaid zai ci gaba da kisa, lissafi ya ɓaci.