Waƙar a bakin mai ita, ko a bakin wanda aka ba?

Tun da na ambaci faifan Okaerinasai na Miyuki Nakajima, mawaƙiyar Japan, ake ta tambayata: da wanne za a fara, nata ko na waɗanda ta rubuta wa waƙoƙin?

Faifan ya fito a 1979, ma'anar sunansa kuwa "sannu da dawowa", wato waƙoƙin da ta aurar wa wasu mawaƙa sun dawo gida, ta rera su da bakinta.

Wajen sauƙi nata ya fi: faifai guda, kuɗi sau ɗaya. Na asali a warwatse suke, sai ka bi Naoko Ken, ka bi Junko Sakurada, ka nemo Tokiko Kato.

Murya ce inda gizo ke saƙa. Waƙar "Abayo" a bakin Naoko Ken ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Japan a 1976, kuma da muryarta jama'a suka haddace ta. Miyuki kuwa tana rera ta kamar mai ba da labarin kanta, ni dai nan ta fi taɓa ni. Sai dai in kunnenka ya saba da nata, kana iya jin na Sakurada ba shi da nauyi sosai.

Mai son jin yadda Japan ta karɓi waƙoƙin a zamaninsu, ya nemi na asali. Mai bibiyar marubuciyar, Okaerinasai ya ishe shi.