Kwana uku a Faris: inda aka yanke ni da inda na ci na ƙoshi

Kwana uku kacal na yi a Faris, babban birnin Faransa, wani taro ne ya kai ni, kuma kun san halinmu, duk inda muka sauka tambayar farko ina masallaci, ta biyu ina abinci. Ashe a garin nan amsar ɗaya ce, sai dai ban gano ba sai a rana ta biyu bayan an riga an yi min aski ba ruwa.

Ranar farko yunwa ta kama ni a kusa da hasumiyar Eiffel, na faɗa wani gidan abinci da ba zan kama sunansa ba, irin mai hotunan abinci manya-manya a ƙofa da wani saurayi yana ta yafito masu wucewa. Na ce a ba ni kifi don gudun naman da ban san wa ya yanka ba. Kifin ya zo ɗan mitsitsi kamar na gwaji, ga ganye a gefe an barbaɗa masa wasu ƴan gutsattsarin soyayyen nama, Allah Ya taimake ni na tambaya kafin in kai baki, ashe naman alade ne, lardons suke ce masa. Na ture farantin gefe, na cika cikina da burodi. Ruwa kuma ba a tambaye ni ba aka dire min kwalba. Da na lissafa kuɗin a naira wallahi sai da na ji wani jiri-jiri.

Da daddare na ba wani ɗan'uwa ɗan Damagaram da ya daɗe a can labari, ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce Alhaji ai kai ka kai kanka mahauta. Shi ya koya min abubuwan da ya kamata in sani tun a filin jirgi. Ruwan famfo kyauta ne a gidajen abincinsu, ka ce carafe d'eau su kawo maka a tulun gilashi, burodi ma yana cikin kuɗin abinci. Ladan masu hidima yana cikin farashin, in ka ga dama ka bar ƴan canji in ba ka ga dama ba babu mai harararka. Farashi kuma a rubuce yake a waje, ka tsaya ka karanta abinka kafin ka shiga. Ya ce in na ga jambon ko lardons ko porc in yi nesa, duk naman alade ne, miyar da aka ambaci vin a jikinta kuma giya aka zuba. Sannan kar in kuskura in buɗe baki ban ce bonjour ba, wannan a wajensu kamar ka faɗo gidan mutum ne ba sallama.

Washegari ya ce mu haɗu a Babban Masallacin Faris. Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 7 na sauka a tashar Place Monge, ƴar tafiya kaɗan sai ga hasumiya fara da kwalliyar kore, tsayinta mita 33. A 1926 aka buɗe masallacin, Faransa ta gina shi ne don tunawa da dubban sojoji Musulmi daga ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka waɗanda suka mutu suna yi mata yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, abokina ma ya tsaya ya yi musu addu'a kafin mu shiga. Muka yi Azahar muka zagayo ta baya, ta titin Geoffroy-Saint-Hilaire, daura da lambun Jardin des Plantes, nan ƙofar gidan abincin take.

Jama'a wajen nan ya yi. Tsakar gida ce da bishiyoyi, bango duk ado irin na Maroko, teburan ma wasu manyan farantan tagulla ne aka ɗora a kan ƙafa. Abin da ya ba ni mamaki Turawa sun fi mu yawa, tsofaffi da ɗalibai kowa da ɗan kofin shayinsa. Na ce a kawo min kuskus da naman rago, shi kuma ya ce tajin na kaza. Kuskus ɗin in ka san dambu ko burabusko to ka kusa gane shi, sai dai ya fi laushi, warwar da shi ba ya cuɗewa, romon a kwano daban da karas da kabewarsu da wani wake mai ƙwalo-ƙwalo, kai za ka riƙa zubawa daidai yadda kake so. Naman kuwa cokali kawai na sa ya rabu da ƙashi. Tajin ya zo a tukunyar ƙasa mai murfi kamar malafa, ana ɗagawa yana tafarfasa, kaza da zaitun da lemon tsami da aka jiƙa a gishiri, na ɗanɗana sau ɗaya sai ga ni na koma sau uku har mai abin ya janye tukunyarsa.

Mutanen Magrib, wato Arewacin Afirka, ba sa cika yaji kamar mu, wannan kowa ya sani, amma akwai wani jan barkono da suke kira harisa, ka dama kaɗan a cikin romon, nan take abincin zai dawo gida. Ni da na taho da ƙullin yajin ƙuli a aljihun kwat ko buɗe shi ban yi ba.

Bayan nan muka koma wajen shayi. Masu hidima na yawo da tire cike da ƙananan kofunan gilashi, shayi ne na na'a-na'a mai zafi da sukari sosai, masu ciwon suga dai a yi hattara. Kayan zaƙin kuma kai za ka je ka nuna da yatsa. Akwai wani makrud, garin alkama da dabino a ciki an tsoma a zuma, ina gutsura alkakin kakata ya faɗo min a rai. Gwarare kuwa ba su da kunya ko kaɗan, ɗaya ta sauka a bakin farantina ta ɗauki ɓarɓashi tana kallona ido cikin ido.

Kuɗin ba zan ce arha ba ne, Faris ce, amma na ci na ƙoshi hankalina kwance, ba na tona abinci da cokali ina neman abin da aka ɓoye. Ba sa kawo takardar kuɗi sai ka nema, mun fi awa biyu a zaune ba wanda ya nuna mana ƙofa. In za ka je ka je da wuri, musamman Asabar da Lahadi, don waje ne da kowa ke so.

Rana ta uku na leƙa Château Rouge a layi na 4, unguwar ƴan Afirka, kuɓewa da manja da busasshen kifi kamar kana Sabon Gari, na ci mafe a wani ɗan shagon ƴan Senegal, miyar gyaɗa ce sak da shinkafa. Na makara ban samu komawa masallaci ba, makrud ɗin da na saya wa uwargida tun rana ta biyu kuma rabinsa a jirgi ya ƙare, na ce mata haka ake sayar da kwalin.