Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Kaduna: hattara da masu cewa "biren bos ya ƙone"

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai tsohuwar mota a garin nan, Golf ce, 406 ce, Honda Hala ce ko Camry fensir, don Allah ya karanta wannan, ya kuma tura wa direban gidansu da 'yan'uwansa mata masu tuƙi. Akwai wasu mutane da suka mayar da mutuwar mota a kan hanya abin cin abincinsu. Ba makanikai ba ne, ko da ka gan su da riga duk baƙin mai da sifana a aljihu.

Ga yadda suke yi. Kana cikin tafiya a baifas ta yamma, tsakanin Mando da Kurmin Mashi, ko ka sauko daga gadar Kawo ka miƙi hanyar Zariya, sai mota ta yi shiru. Ka gangara gefe, ka yi ta ba ta makulli, injin yana juyawa amma ta ƙi kamawa. Kafin ka gama ɗaga bonet sai ga mutum biyu a kan babur. "Sannu Alhaji, lafiya? Ai garejinmu yana nan baya, bari mu duba maka." Ɗaya ya sa kai cikin injin, ɗaya ya fito da 'yar na'ura ya ce kwamfuta ce, ya jona a ƙasan sitiyari, ya daddanna, ya girgiza kai ya ce biren bos ya ƙone. Wato ƙwaƙwalwar motar, akwatin nan mai sarrafa mai da wuta. Sai su ce akwai ɗan Beljiyam a wajen wani ɗan'uwansu, ka kawo kuɗi, kuma dole su tafi da naka don a gwada lamba.

Maƙwabcina dattijo ne, ɗan fansho, haka aka yi masa da Hondarsa wajen Rigachikun. Sun tafi da akwatin, sun daɗe, sun dawo da wani a leda, sun ɗaura, mota ta tashi bugu ɗaya. Ya biya kuɗin da ya fi ƙarfin fanshonsa na wata, har da addu'a ya bi su. Ba a jima ba motar ta sake mutuwa da rana tsaka, kamar yadda ta yi da farko. Da rewayansa na gaskiya, wato mai gyaran wutar mota, ya duba, sai ya ga akwatin nasa ne aka goge aka manna wa wata takarda. Ciwon motar kuwa wani ɗan rila ne, wato 'yar na'urar da ke haɗa wuta ta kuma yanke ta, a ƙarƙashin dashbod, wanda darmar cikinsa ta tsage. Da aka sake ɗaure shi da darma aka rabu da matsalar.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne wannan: akwai cututtukan tsohuwar mota da zafi ke tayar da su, sanyi kuma ya kwantar da su. Motar da ta mutu saboda irin wannan, in aka bar ta rabin awa ko awa guda, da kanta za ta tashi ko ba wanda ya taɓa ta. To wannan lokacin hucewar shi ne mutanen nan suke sayar maka. Tafiyar da suka yi "neman kaya" ita ce gyaran. Su dai sun san in sun dawo injin ya huce.

Cututtukan nan sanannu ne ga duk mai sana'ar. Na farko shi ne sansa na kiranshaf, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda fistin yake don ta san lokacin sakin wuta da mai. Idan ya tsufa, wayar cikinsa takan rabu in ya ɗau zafi, mota ta mutu nan take kamar an kashe makulli, in ya huce ta haɗe. Haka kwayil yake yi, haka 'yar na'urar wutar da ke cikin distiributa a motocin da ke da ita. A Hondojin shekarun 1990 babban rila mai ba famfon mai wuta ya yi suna wajen wannan hali, musamman in mota ta sha rana gilasai a rufe. Shi ma famfon man da ke cikin tanki, man ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 yawancinmu da ɗan lita biyar muke yawo, allura kullum tana kan ja, famfo yana aiki a fili yana zuƙar dattin gindin tanki. Ba mamaki ya riƙa gajiya a tsakiyar hanya.

Biren bos yana ƙonewa, ba na musu. Ruwa ya shige shi, ko a haɗa batir a juye, ko mai walda ya yi aiki a jikin mota bai cire kan batir ba. Amma shi ne abu na ƙarshe da makaniken kirki yake zargi, bayan ya bi wuta ya bi mai ya ga duk lafiya. Wanda ya fara da shi cikin minti biyar a bakin titi, ko bai san aiki ba ko ya san abin da yake nema a aljihunka.

Kuma akwai wanda ya fi na maƙwabcina muni. Wasu ba naka za su dawo maka da shi ba. Za su tafi da lafiyayyen akwatinka na asali su sayar, su kawo maka wanda aka fasa aka yi wa kwaskwarima, wanda zai ja ka sati biyu ya ajiye. Wasu kuma tun lokacin da suka sa kai cikin injin suke zare fis ɗaya ko su sassauta soket, don kar motar ta tashi da kanta ta ɓata musu ciniki. Shi ya sa ɗayan yake tsare ka da surutu a wajen tagar direba, yana nuna maka fuskar na'ura.

Ita kanta na'urar a duba ta da kyau. Soket ɗin kwamfuta mai ramuka 16 da ake kira OBD2 ya zama dole ne a motocin Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga masu fetur. Motocin da suka girmi haka da yawa ba sa magana da irin 'yan na'urorin nan na aljihu. 504 da 505 masu kafireta, irin waɗanda aka yi ta haɗawa a Kakuri tun bayan buɗe kamfanin Peugeot a 1975, babu ma ƙwaƙwalwar da za a ce ta ƙone a cikinsu, amma wallahi ana faɗa wa mutane haka su yarda. In kuma na'urar ta karanta motarka, lamba take bayarwa. Ka ce a nuna maka, ka ɗauki hotonta. P0335 alal misali tana nuni ne ga layin sansan kiranshaf, ba ga ƙwaƙwalwa ba. Sannan ka tambayi kanka: akwatin da ya ƙone ƙurmus, ta yaya ya amsa wa na'ura har ya ba ta lamba?

Wani abin lura kuma, motocin Turai da yawa na ƙarshen shekarun 1990 zuwa sama suna da imobilaiza, Jamus ma ta wajabta shi ga sabbin motoci tun 1998. A irin waɗannan, makulli da ƙwaƙwalwa a haɗe suke da lambar sirri. Ba a ɗauko akwatin wata mota a ɗaura kawai ta tashi, sai an daidaita shi ko an kawo shi tare da makullinsa. Idan motarka irin wannan ce, aka kawo "sabo" ya tashi da tsohon makullinka ba a yi masa komai ba, to da wuya in ba naka ba ne ya dawo.

Kafin ka bar kowa ya taɓa maka mota, akwai abin da kai da kanka za ka iya dubawa ba tare da sifana ba. Ka tura ta gefe sosai, ka kunna hazad, ka ajiye alamar tsayawa a baya, domin tirelolin baifas ba sa jira. Sannan ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kar ka tayar. Fitilar hoton injin ta kama? In ta kama, alama ce ƙwaƙwalwa tana samun wuta. In ba ta kama ba, fis da rila ake fara nema. Ka kashe rediyo ka saurara ta wajen kujerar baya: a yawancin motoci masu nozul famfon mai yakan yi ɗan gurnani na kamar daƙiƙa biyu ya tsaya. In shiru, ga inda za a dosa nan. Wasu motocin, irin Ford da wasu Peugeot, suna da maɓallin da ke yanke mai in mota ta daki wani abu da ƙarfi, babban rami ma yana iya tayar da shi, dannawa kawai ake yi.

Ka tuna kuma yadda ta mutu. Wadda ta fara shessheƙa tana ja da baya kafin ta tsaya, yawanci mai ne bai isa ba, ko filta ta toshe, ko an sha gurɓataccen fetur. Mun ga abin da man nan mai yawan metanol ya yi wa motoci a watan Fabrairun 2022, na bumburutu a galan kuma kullum cikin kasada ake saye. Wadda ta ɗauke lokaci ɗaya, a nemi wuta. In fitilar batir ta kama tun kana tafiya, fitilu suka dusashe, sannan yanzu kik ɗin ƙas ƙas kawai yake yi, to altanato ne ya daina caji batir ya ƙare. Kowane rewaya yana da mita: lafiyayyen batir yana nuna wajen volt 12.6 in mota a kashe, in tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5.

Guda ɗaya ne zan ja kunne a kansa sosai. In ka ba ta makulli ka ji injin yana juyawa da sauri fiye da yadda ka saba, sakayau babu nauyi, ka cire hannunka. Mai yiwuwa taimin bel ne, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul, ya tsinke, kuma a injina da yawa fistin yana dukan bawul in haka ta faru. Haka in allurar zafi ta haura ja kafin ta mutu, kar ka matsa mata, kar kuma ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Waɗannan aikin gareji ne, janwe za a nema.

Ban rubuta wannan don in ɓata sunan makanikai ba. Garin nan cike yake da masu sana'a na gaskiya, daga Panteka har Kakuri da Tudun Wada, mutanen da suka rayar da motocin da ƙasashen da suka ƙera su suka daɗe da mantawa da su. Akwai kuma bayin Allah da za su tsaya su taimake ka a hanya ba su karɓi ko sisi ba. Bambancin a bayyane yake. Mai gaskiya zai zare fulogi ya gwada wuta a gabanka, ya duba ko mai yana zuwa, ya gaya maka inda garejinsa yake, kuma ba zai ji haushi ba in ka ce bari ka kira makanikenka su yi magana. Macuci kuwa gaggawa yake sa ka. "Alhaji magariba ta kusa, nan wurin ba kyau." "Hajiya in kika bari ya kwana sai injin ya tafi gaba ɗaya." Da tsoro yake ciniki, kuma ya fi samun sa'a a kan mata, da dattawa, da baƙon da ya ɗauko iyali daga Kano ko Abuja.

Don haka kar ka yarda a cire biren bos a bar wurin da shi, kome aka ce maka. Ka tsaya a gaban injin da kanka muddin hannun wani yana ciki. Ka kira makanikenka ka ba su waya, tambaya biyu zai yi ya gane ko sun san aiki. In wurin ba shi da aminci, kuɗin janwe ya fi sauƙi, kuma lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122. Tun kana gida ma, ka sa rewayanka ya nuna maka inda akwatin yake, ka ɗauki hoton takardar lambar da ke jikinsa, ka yi masa wata 'yar alama da fenti a inda kai kaɗai ka sani. Ka ajiye fis da rila na safaya a mota, ba su da tsada.

Wanda kuma aka riga aka yi wa, kar kunya ta sa ya yi shiru. Ya kai motar a duba ko akwatin nasa ne, domin in an musanya gara a sani tun bai ajiye shi a daji ba. In ta tiransifa ya biya, sunan mai asusun yana nan a rasit, ya kai wa 'yan sanda na yankin da abin ya faru, ya kuma sanar da shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA na wannan shiyya, don su ne suka san wanda yake nasu da wanda ba nasu ba.